Akuyar da ke Ganin Tela

Shekara talatin da biyu Likita ya yi yana soka wa dabbobin mutane allura, amma awakin gidansa ko sau ɗaya bai taɓa soka musu ba. Ba wai ba sa ciwo ba ne. Matarsa ce ta kafa doka.

In za a bi gaskiya, shi ba cikakken likita ba ne, malamin dabbobi ne a ɗan asibitin da ke bayan mayanka. Amma mutanen unguwa ba su da lokacin wannan bambanci. Duk wanda ya sa farar riga ya riƙe sirinji, Likita ne, kuma har ya yi ritaya sunan bai sake shi ba. Aikinsa shanu ne da tumaki da dogayen awaki, irin waɗanda in sun miƙe a kan ƙafafun baya sai su tsinki ganyen da ke saman kanka. Ranar da layi ya yi tsawo yakan yi wa ɗari biyu kafin rana ta take. Hannunsa ya san awo fiye da idonsa: ya kifa kwalba, ya ja magani, yatsansa ya tsaya daidai inda ya saba tsayawa, shi kuwa yana can yana zuba hira da mai dabba. Da wannan yake tutiya, kuma ba ƙarya yake yi ba.

Matar tela ce, tana da ɗan shago a bakin titi, keke biyu da madubi ɗaya. Tela yake kiranta, ita kuma ta ce masa Mai Allura. Da awaki uku ta shigo gidansa, kyautar kakarta, kuma ranar da ya fara ganinsu sai da ya nemi wuri ya zauna don dariya. Ko gwiwarsa ba su kai ba. Ƙafafu guntaye, goshi mai faɗi, ciki kamar tulu, ga taƙama sai ka ce su suka gina gidan.

"Tela, waɗannan mantawa aka yi ba a ƙarasa su ba?"

"Gajere ba yaro ba ne," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba. "Kakanninsu daga ƙasar kurmi suka fito, inda ƙudan tsando ke kayar da dogayen nan naka ɗaya bayan ɗaya. Kai naka can su yi wata biyu mu gani. Waɗannan ƙudan ya cije su har ya gaji."

Da tafiya ta yi tafiya ya san halinsu, ko da yake daga nesa. Biyu-biyu suke haihuwa, wani lokaci uku. Nonon ba yawa, kofi ɗaya ne kacal, amma kauri gare shi. Sun tsani ruwan sama, sun iya buɗe sakata da leɓe, kuma ba abin da za a ajiye a tsakar gida ba su hau kansa ba. Abin da ya fi ba shi dariya shi ne cikin nan. Mai ciki da marar ciki duk ɗaya, har bunsurun ma in ka hango shi sai ka yi masa fatan sauka lafiya. Shekara talatin yana wannan ba'a, bai taɓa gajiya ba.

Idan ɗaya ta yi ciwo, Tela ke yin magani da kanta. Ta rungumi akuya ta hau sikelin banɗaki, ta sauka ta sake hawa ita kaɗai, ta cire wannan daga wancan, sannan ta auna magani da ɗan cokali tana motsa leɓe. In ya miƙo hannu zai taya, ta make shi.

"Hannunka na shanu ne, Mai Allura. Nawa ba su kai rabin naka ba. Bar mini kayana."

Da ciwon ƙirji ya kama ta ya fara tsanani, ta rarraba awakin ɗaya bayan ɗaya ga mutanen da ta yarda da su. Aka bar guda, wata toka-toka mai baƙin layi a gadon baya, shekararta shida, sunanta Guntuwa. Shi ya yanke hukunci a lokacin: daga wannan an rufe, ba sauran bunsuru, ba sauran haihuwa, ba ta da ƙarfin bin 'ya'yan awaki. Tela ta yi shiru. Ita kuwa in ta yi shiru ba yarda ta yi ba, amma a duk zamansu bai koyi wannan ba. Bayan ɗan lokaci aka kwantar da ita a asibiti, ta yi sati uku, ba ta dawo ba.

Sai da masu gaisuwa suka watse, 'yarsu Auta ta koma garin da take aiki, gidan ya rage daga shi sai Guntuwa, sannan ya lura.

Tela takan rufe shago ƙarfe huɗu saura, ta biya wajen mai kayan miya ta karɓo ganyen da aka zubar, ta shigo ta ƙofar baya huɗu daidai. Wata ranar Talata yana zaune a benci yana gyaran rediyo, sai Guntuwa ta bar dusarta, ta haye tsohon duron da ke kife kusa da famfo, ta fuskanci ƙofa. Ta yi ɗan kukan nan nata gajere, wanda ba na yunwa ba. Ƙofa tana rufe, ba ta motsa ba. Amma idon akuyar ya taso daga ƙofar a hankali, ya biyo ta gefen katanga, ya tsaya a famfo tsawon wanke hannu, sannan ya matso dab da ita. Ta sunkuyar da kai, ta karkata wuya, ta lumshe ido, yadda take yi in ana sosa mata gindin ƙaho.

Sukudireba ta suɓuce daga hannun Likita. Tsigar jikinsa ta tashi, ya ji tsoro ƙwarai, ya kuma ji wani abin da ya fi tsoron ƙarfi. Washegari tun uku da rabi yana kan benci.

Haka aka yi ta yi kullum. Ya daina zuwa hira da tsofaffin abokan aiki. In zai je kasuwa, da safe zai je. Ya fara aske gemu kafin huɗu, abin da bai yi ba tun da aka kwantar da Tela a asibiti, yana yi yana jin kunyar kansa. Shi bai taɓa ganin komai ba, ko inuwa, ko motsin labule. Ya ƙura wa wurin ido har hawaye ya zubo, siminti ne kawai da igiyar shanya. Sai dai ya kalli akuya, ita ta gaya masa inda matarsa take.

Sau ɗaya ya gwada faɗa wa Auta a waya, ya yi rabi ya tsaya.

"Baba, sabo ne," ta ce a hankali. "Kai ka fi kowa sani. Dabba agogo ce. Don Allah ka ba wani ita ka taho wajena, ɗakin yana nan na gyara."

"Na ji."

"Kullum na ji kake cewa."

Ya san gaskiyarta. Da wani ne ya kawo masa wannan labari a asibiti, da amsar da zai ba shi ke nan, har da dariya a kai. Amma sabo ba ya tsayawa a famfo yau daɗewa, gobe ɗan jim. Wata rana ma da aka gama sosa ƙahon, idon Guntuwa ya tsallaka tsakar gida ya zo ya tsaya a benci, ba a kansa ba, a gefensa na hagu. Bai iya juya wuya ba. Ya zauna haka har rana ta sauka daga kan katanga, kafaɗarsa ta hagu tana masa zafi don ƙin motsi.

Ita kuwa Guntuwa ba ta yarda da shi ba ko kaɗan. Ta ci dusarsa, ta sha ruwansa, amma in ya miƙo hannu sai ta zille bayan duro ta hura hanci. Bai matsa mata ba. Ya bar ta a matsayinta, shi a nasa.

Wata huɗu ba kaɗan da rasuwar, ran nan huɗu ta yi, Guntuwa ba ta hau duro ba. Ta ɗora ƙafafun gaba, ta yi nishi, ta sauke. Ta koma inuwa ta kwanta, ta juya wa ƙofa baya.

Likita ya ce gajiya ce. Kashegari ma haka. Rana ta uku ta bar rabin dusarta, tana kwance tana numfashi sama-sama, cikin ya ƙara fitowa ta gefe. Kwana uku ke nan ba wanda ya shigo gidan. Ya zagaya tsakar gida, ya shiga ɗaki ya fito, ya buɗe famfo ya rufe. Ko abinci bai taɓa ba. Sai a lokacin ya ji mutuwar Tela sosai, fiye da ranar da aka rufe ta, kuma ya san in akuyar nan ta tafi, da matarsa za ta tafi.

Ya tsaya daga nesa ya duba ta da idon aiki. Kumburin ciki, kasala, ƙin abinci. Ciki na haihuwa ko a ransa bai zo ba. Ina bunsuru a cikin katangar nan? Shi da bakinsa ya hana. Girman ciki kuwa, ai kayan gadonsu ne. Ya ce tsutsa ce, ya ga irinta sau dubu. Mutumin da ya riga ya san amsa ba ya sunkuyawa ya leƙa ƙarƙashin akuya, balle wadda cikinta ke kusan taɓa ƙasa.

Rana ta huɗu ya jira har bayan biyu ko za ta miƙe, ba ta miƙe ba. Ya jawo tsohuwar jakar aikinsa daga ƙarƙashin gado, ya kakkaɓe ta. Akwai sauran maganin tsutsa na allura, mai ƙarfi, wanda ba ya son a zarce awo. Ya san haka. Har ya faɗa wa kansa a fili, yana tafiya: "Kashi ɗaya cikin uku, ba ƙari." Sikelin banɗaki ya faɗo masa a rai, ya ture, shi da ya shekara talatin da biyu zai hau sikeli da akuya?

Kama ta ya zama kokawa. Duk nauyinta sai da ta zagaya duro da shi sau uku, tana ihu, kafin ya danne ta da gwiwa a kusurwa. Ya kifa kwalba da hannu ɗaya, yana haki, idonsa a kan agogon hannunsa yana lissafin ko za ta farfaɗo kafin huɗun gobe. Ya ja. Ya soka. Ya sake ta. Ta yi tangaɗi zuwa inuwa tana harararsa.

Yana wanke hannu aka ƙwanƙwasa ƙofar gaba. Wani tsohon direban tasi ne da ke can ƙarshen layi, wanda Tela ke ɗauka in za ta sayo yadi. Gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Direba ya shigo yana murmushi, yana leƙa bayan Likita.

"Likita, ya ƙarin haƙuri? To, ta sauka, ko da saura?"

"Wa?"

"Guntuwa mana. A lissafina cikin satin nan ne."

Likita ya tsaya da tawul a hannu.

"Au, ba ta gaya maka ba?" Direba ya shafa ƙeya. "Ai sati ɗaya kafin a kwantar da ita, kana wajen karɓar fansho, ta sa na ɗauke su a mota ita da akuyar zuwa gidana. Ina da bunsuru irinsu, ita ce ma ta ba ni uwarsa. Ta ce kada irin kakarta ya ƙare a hannunta. Ta ce in wata biyar ya kusa in leƙo, wai..." Ya yi 'yar dariya. "Wai kada in bari ka taɓa ta da allura."

Daga tsakar gida suka ji ƙarar bokiti ya faɗi.

Guntuwa tana tsaye ƙafafu a warwatse, duk jikinta na karkarwa, dalala tana zuba daga bakinta. Likita ya ruga ya ɗaga kwalbar sama, ya dubi inda magani ya tsaya. Ba sai ya yi lissafi ba. Bakinsa ya ce kashi ɗaya cikin uku, yatsansa kuwa ya je inda ya saba zuwa, ya ja cikakken awon doguwar akuya, har da ɗan ƙarin da yakan yi wa manya. Sabo turken wawa. Ya sha faɗa wa sababbin ma'aikata wannan magana.

Ta faɗi a gefenta. Wannan karon da ya durƙusa ba ta gudu ba. Ya sa tafin hannu a ƙasan cikinta, karo na farko a rayuwarsa, ya ji hantsa cike tam a ɓoye tsakanin guntayen ƙafafu. Ya matsa hannun gaba kaɗan. Wani abu ya shure shi daga ciki, sannan wani daban ya sake shurinsa.

"Ba maganin da zai karya shi?" in ji Direba.

"Yana asibiti. Awa guda zuwa da dawowa."

"In kawo mota?"

"Ba ta da awa guda."

Ya ga irin wannan a hannun wasu, ya san yadda take ƙarewa. Numfashi zai yi ta raguwa, kuma na ciki su za su riga uwar tafiya. In ana son su, yanzu ne, ba anjima ba. Ya dubi agogo. Huɗu saura minti ashirin da biyar.

Nan ransa ya yi masa wata muguwar shawara. Kan Guntuwa yana fuskantar ƙofar baya, idonta a buɗe. Minti ashirin da biyar kawai. Wataƙila ta kai. Wataƙila ta ɗaga kai sau ɗaya, ta yi ɗan kukan nan, ya san Tela ta shigo, ya samu ya ce mata wani abu a inda ya tabbata tana tsaye. Bai taɓa son wani abu kamar yadda ya so wannan ba. Ya zauna a kan dugadugansa yana kallon ƙofa, hannunsa a kan cikin, kuma a ƙarƙashin hannun shurin yana raguwa.

"Likita," Direba ya ce. "Likita!"

"Shiga kicin, akwai wuƙa a aljihun tebur na sama. Ka ɗauko tawul biyu. A ɗaki kan keken ɗinki akwai almakashi da zare."

Direba ya riƙe ƙafafu ya kau da kai. Likita ya juya fuskar Guntuwa daga ƙofar da hannunsa, ya rufe mata ido da tafinsa, ya yi abin da zai yi da sauri. Bayan nan aiki ne kawai, kuma aiki ya iya. Ya farke cikin. Biyu ne. Na farko namiji, ya fito a sake, ya goge shi, ya hura masa hanci, ya murza, ba komai. Ya ajiye shi a gefe. Ta biyu ba ta kai tsawon takalminsa ba. Ya share mata baki da ɗan yatsa, ya riƙe ta kai ƙasa, ya murza haƙarƙarin da tawul, ya murza, ya murza, yana ce mata, "Haba, haba, yi haƙuri." Ta yi atishawa. Ta ja iska da wata ƙara kamar ana yaga ƙyalle, ta saki kuka siriri.

Ya ɗaure cibiyar da farin zare ya yanke. Ya goge ta da tawul na biyu.

"Nonon uwar ba zai shawu ba, da magani a ciki," ya ce.

"Tawa ta haihu jiya, tana da dakashi, nonon farko. Bari in tatso." Direba ya miƙe ya fita ta ƙofar baya, ya ja ta ya rufe.

Likita ya lulluɓe Guntuwa da ɗanta da buhu. Ya zauna a ƙasa cikin jini da ruwa, ya cusa 'yar akuyar cikin rigarsa don ɗumi. Toka-toka ce ita ma. Agogon falo ya buga huɗu.

Ya zaro ta a hankali, ya ɗaga ta da hannu biyu, ya fuskantar da ita ƙofa. Ya san wauta ce. 'Yar da ba ta yi rabin awa a duniya ba, wadda ba ta taɓa jin hannun Tela ba, me za ta gani? Kanta ya yi lilo, ta lalubo babban yatsansa ta kama tsotsa. Ya dubi ƙofa, ya dubi katanga, ya dubi famfo. Bai san inda zai ajiye idonsa ba.

"Tela," ya ce, bai san ko wane gefe zai juya ba. "Mace ce. Ɗaya ce ta rayu. Ni na yi, ba kowa ba."

Famfo yana ɗiga. Can a titi wani yana ta danna hon.

Sakata ta motsa. Zuciyarsa ta buga har ya kusa sakin 'yar akuyar. Ƙofa ta buɗe, Direba ne, da kwalba a hannu, yana haki. Ya ga Likita zaune a ƙasa, ido jajir, ba shi yake kallo ba, bayan kafaɗarsa yake kallo. Ya waiga, bai ga kowa ba. Ya kai hannu zai mayar da ƙofa.

"Kada ka rufe," in ji Likita. "Ban sani ba ko ta riga ta shigo."